Baƙin Bogi a Ƙididdigar Shafin Kasuwanci

Manhajar ƙididdiga irin Google Analytics tana nuna wa mai shafi inda maziyartansa suka fito. 'Yan damfara kan cusa adireshin ƙarya cikin wannan jeri, domin mai shafin ya danna ya ga wa ke turo masa jama'a, sai ya faɗa tallarsu ko ya kwaso wa kwamfutarsa cuta. Sunaye irin su Semalt da darodar sun addabi shafuka a shekarun 2014 da 2015.

Abin ya fi cutar ƙaramin ɗan kasuwa, kamar mai shagon shadda da kayan miya a Bronx ko kan titi na 116 a Harlem a birnin New York, wanda maziyartansa na gaskiya ba su da yawa. Ƙarya kaɗan ta isa ta rikita masa lissafi, har ya zuba kuɗin talla inda babu mai saye.

Alamun baƙin bogi a fili suke: baƙi su yi yawa dare ɗaya daga adireshi guda, ba wanda ya daɗe ko daƙiƙa biyu, ba wanda ya tambayi farashi. Kada a danna adireshin. Wasu ma ba sa taka shafin, kai tsaye suke aika bayanan ƙarya ga manhajar, don haka toshe su a sabar da ke ajiye shafin ba ya magani. Sai dai a tace rahoto ya nuna ziyarar da ke ɗauke da ainihin sunan shafin kawai. Baƙin bogin da ke shigowa shafin da gaske kuwa, kamfanin da ke ajiye shafin zai iya toshe su.