Suna Ɗaya, Abubuwa Uku: Koyar da Ilimin Tauraruwa Mai Wutsiya da Duwatsun Sama Cikin Harshen Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi wata matsala da ke fuskantar malamin da ke koyar da ilimin sararin samaniya da Hausa, wato yadda suna ɗaya, "tauraruwa mai wutsiya", yake ɗaukar abubuwa mabambanta waɗanda kimiyya ta raba su. Maƙalar ta fayyace kowanne daga cikinsu, ta ba da shawarar keɓaɓɓun kalmomin da za su wakilce su, sannan ta tsara darasi wanda ya dogara da duwatsun da suka faɗo a Katsina da Adamawa da Agadas da Sudan.

Fitilun kalmomi: tauraruwa mai wutsiya, dutsen falaki, tartsatsin sama, keɓaɓɓun kalmomi, koyarwa.

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe yana karatun sama. Ya san Zara, ya ba ta matsayin matar wata; ya san Gamzaki da Kaza da 'Ya'yanta, ya kuma yi wa baƙuwar sama kirari da cewa, "Tauraruwa mai wutsiya, ganinki ba alheri ba." A fagen adabi ma, Umaru Dembo ya raɗa wa ƙagaggen labarinsa na 1969 suna Tauraruwa Mai Wutsiya, littafin da ake lissafawa cikin na farko-farko da suka kai mai karatun Hausa yawo sararin samaniya. Saboda haka ɗalibin da ya shigo aji yana tafe ne da guzurinsa na sunaye da fahimta.

Matsalar ita ce guzurin ya cakuɗe. Hasken da ya gilma da dare ya ɓace kafin a nuna shi, tauraruwa mai wutsiya ake ce masa. Abin da ya tsaya a sama makonni yana jan jela, shi ma haka. Idan kafafen yaɗa labarai suka ruwaito cewa wani ƙaton dutse zai gifta kusa da duniya, sau da yawa sunan nan dai mai fassara yake ɗaukowa. Turanci ya kira su "mitiyo" da "komet" da "astaroyid". Muddin harshen koyarwa bai raba su ba, tunanin ɗalibi ma ba zai raba su ba, ko da ya haddace ma'anoninsu don jarrabawa.

2.0 Fayyace Abubuwan Uku

2.1 Tauraruwa Mai Wutsiya

Wannan maƙala tana ganin a bar wa "komet" wannan suna shi kaɗai, tunda shi ne mai wutsiyar gaske, tare da jan hankalin ɗalibi cewa ba tauraro ba ne irin rana. Dunƙule ne na ƙanƙara da ƙura da daskararrun iskoki, yana kewaya rana a kan falaki mai tsawo. Idan ya matso kusa da rana, zafi kan mayar da ƙanƙarar tururi, sai hasken rana da iskar da take hurowa su tura ƙurar da tururin su zama wutsiya mai tsawon miliyoyin kilomita. Wannan ne ya sa wutsiyar kullum take fuskantar nesa da rana, ko da tauraruwar tana komawa ne. A lokacin komawa wutsiyar ce a gaba.

Misalin da ya fi shahara shi ne tauraruwar Hali. A 1705 masanin Ingila Edmond Halley ya nuna cewa abin da aka gani a 1531 da 1607 da 1682 abu ɗaya ne mai dawowa kusan duk shekara 76, ya kuma yi hasashen dawowarsa a 1758, aka kuwa gan shi bayan rasuwarsa. An sake ganin tauraruwar a 1910 da 1986, ana kuma sa ran ta a 2061. Curin da ke tsakiyarta bai wuce kilomita 15 a tsawo ba.

2.2 Dutsen Falaki

"Astaroyid" kuwa dutse ne, ko ƙarfe, ko gaurayensu, wanda yake da falakinsa na kewaya rana, shi ya sa ake ba da shawarar kiransa dutsen falaki. Mafi yawansu suna tsakanin duniyar Mirrihu, wadda aka fi sani da Mas, da ta Mushtari. Ragowar kayan da aka gina duniyoyi da su ne kimanin shekara biliyan 4.6 da suka wuce. Na farkon da aka gano shi ne Siris, a 1801, mai faɗin kusan kilomita 940. Galibinsu ba su da wutsiya, kuma kusan dukkansu ido ba ya iya ganinsu sai da madubin hangen nesa. Ƙanana daga cikinsu, daga girman ƙwayar gero zuwa kamar tulu, ana iya kiransu tsakuwar falaki.

2.3 Tartsatsin Sama da Dutsen Sama

"Mitiyo" haske ne da ke aukuwa idan tsakuwar falaki ta kutso cikin iskar da ke lulluɓe da duniya da gudun kilomita 11 zuwa 72 a daƙiƙa guda. Iskar da ke gabanta takan matsu ta yi zafi ƙwarai, tsakuwar ta narke ta ƙone, ido ya ga layin haske. Wannan yana faruwa ne a tsayin kilomita 80 zuwa 120, wato bai kai nisan Kano zuwa Zariya ba, alhali tauraruwa mai wutsiya tana can nisan miliyoyin kilomita. Tartsatsin sama ya dace da shi, domin kalmar "tartsatsi" ta ƙunshi ƙanƙanta da zafi da saurin mutuwa. Idan abin yana da girma har wani ɓangarensa ya tsira ya iso ƙasa, wannan ɓangaren shi ne dutsen sama.

3.0 Shaidu Daga Ƙasashenmu

Babu dalilin da zai sa malami a Funtuwa ko Maraɗi ya fara darasinsa da misalin Amurka. A ranar 3 ga Oktoban 1962 wani dutse mai nauyin kusan kilo 18 ya faɗo kusa da wani manomi a Zagami, cikin lardin Katsina na wancan lokaci. Daga baya bincike ya tabbatar da cewa daga duniyar Mirrihu ya fito, domin iskar da ta maƙale a cikinsa ta dace da wadda kumbon Viking ya auna a can a 1976. Wani babban karo ne ya ɓantaro shi daga waccan duniya, ya yi ta yawo har ya sauka a gonar Bakatsine. A yau ɓarɓashinsa yana gidajen adana kayan tarihi da ɗakunan bincike a ƙasashe daban-daban, kuma masana ilimin duwatsun sama na duniya sun san sunan Zagami fiye da yadda ɗaliban Katsina suka san labarin. Haka kuma a watan Agustan 1974 wani dutsen ya faɗo a Mayo Belwa ta Adamawa.

Misalin da ya fi dacewa da manufar wannan darasi shi ne na Sudan. A ranar 6 ga Oktoban 2008 wani mai duban sama a Arizona ya hango dutsen falaki mai faɗin kusan mita 4, aka lissafa cewa zai faɗa wa duniya cikin ƙasa da kwana guda. Da asubahin 7 ga wata ya shigo ta saman hamadar arewacin Sudan ya tarwatse cikin haske. Bayan wata biyu ɗaliban Jami'ar Khartum suka bazama cikin hamada suka tsinto ɓarɓashinsa kusa da tashar jirgin ƙasa ta shida, inda ya samo sunan Almahata Sitta. Wannan ne karo na farko da aka ga irin wannan dutse tun yana sarari kafin ya faɗo. A nan ɗalibi zai ga abu guda ya ratsa sunaye uku: dutsen falaki ranar 6, tartsatsin sama ranar 7, dutsen sama a hannun ɗalibai.

Akwai kuma batun dukiya. A watan Nuwamban 2023 an tsinci dutsen Mirrihu mai nauyin sama da kilo 24 a jihar Agadas. A watan Yulin 2025 aka yi gwanjonsa a birnin New York kan sama da dala miliyan 5, gwamnatin Nijar kuma ta buɗe bincike kan yadda ya fita daga ƙasar. Al'ummar da ba ta da sunan abu a harshenta, da wuya ta san darajarsa kafin baƙo ya saye shi.

4.0 Tsarin Darasi

Mataki na farko shi ne malami ya tambayi ɗalibai abin da suka taɓa gani da abin da suka ji a gida, ya rubuta duka a allo ba tare da gyara ba. Daga nan ya ba su tambayoyi uku da za su riƙa tace kowane labari da su: A ina abin yake? Da me aka yi shi? Tsawon wane lokaci aka gan shi? Tambaya ta uku ita ce mafi sauƙi ga yaro. Abin da ya ɓace cikin ƙiftawar ido tartsatsin sama ne. Abin da aka gani daren jiya aka sake gani yau kusan a wuri ɗaya, shi ne tauraruwa mai wutsiya.

Mataki na biyu gwaji ne da kayan da ke hannu. A kunna fanka a tsakiyar aji a matsayin rana, ɗalibi ya riƙe ƙwallo da aka ɗaura wa ƙyalle mara nauyi ya bi ta gabanta. Duk inda ya tsaya, ƙyallen yana guje wa fankar ne. Don bayyana zafin tartsatsi kuwa, a ba ɗalibi famfon keke ya toshe bakinsa ya buga sau da yawa, ya taɓa ya ji ɗumi. Matsa iska na haifar da zafi, kuma abin da ke faruwa ke nan a gaban tsakuwar da ta shigo da gudu.

Mataki na uku kallon sama ne. Duk shekara duniya takan ratsa ƙurar da taurari masu wutsiya suka bari a hanyarsu, sai a sami ruwan tartsatsi. Littattafan Turai sun fi ambaton na 12 zuwa 13 ga Agusta, amma a ƙasar Hausa wannan tsakiyar damina ce, hadari kan rufe sama. Ya fi kyau malami ya zaɓi na 13 zuwa 14 ga Disamba, idan hazo bai yi kauri ba, ko na farkon watan Mayu gab da asuba, wanda ƙurar tauraruwar Hali ce ke haddasa shi. Ba a buƙatar na'ura. Tabarma da wuri mai duhu sun isa. Kowane ɗalibi ya ƙirga abin da ya gani cikin rabin sa'a, a kwatanta a aji.

Mataki na huɗu shi ne gane dutsen sama. Sabon faɗowa yakan zo da baƙar fata siririya kamar an babbaka shi, yakan fi tsaransa nauyi, kuma mayen ƙarfe yana jan mafi yawansu. Sai dai a gargaɗi ɗalibai cewa tama da kashin maƙera ma mayen ƙarfe na iya jansu. Haka nan gatarin aradu, wanda ake cewa tsawa ce ta jefo shi, makami ne da mutanen zamanin dutse suka sassaƙa da hannu. Tabbaci sai a ɗakin bincike.

5.0 Al'ada da Imani a Cikin Aji

Ɗalibai da yawa za su ce hasken da ya gilma jifan shaiɗanu ne, bisa abin da suka koya a makarantar allo game da shihabu. Bai kamata malamin kimiyya ya mayar da aji fagen jayayya ba. Aikinsa shi ne bayyana abin da ake iya aunawa, wato tsayi da gudu da sinadari, ya bar fassarar nassi ga malamanta. Camfin cewa fitowar tauraruwa mai wutsiya alama ce ta mutuwar babban mutum kuwa, lissafin Halley ya isa amsa: abin da aka san shekarar dawowarsa tun shekaru hamsin kafin ya zo, tafiyarsa yake yi a kan ƙa'ida.

Haɗarin da ya cancanci tattaunawa yana wajen dutsen falaki. A ranar 15 ga Fabrairun 2013 wani mai faɗin kusan mita 20 ya fashe a saman Celyabinsk ta Rasha, mutum kusan 1,500 suka ji rauni, akasarinsu daga gilashin tagogi da ya tarwatse bayan sun je leƙen hasken. A 2022 kuma hukumar NASA ta kara wa dutsen Dimorphos kumbo da gangan, ta rage lokacin kewayensa da kimanin minti 32, abin da ya nuna ana iya karkatar da irin waɗannan duwatsu idan an gan su da wuri.

6.0 Kammalawa

Kalmomin da aka kawo a nan, wato dutsen falaki da tsakuwar falaki da tartsatsin sama da dutsen sama, shawara ce da ke jiran tacewar masana harshe da malaman kimiyya da ma'aikatan sassan Hausa na gidajen rediyo. An taɓa yin irin wannan aiki ga nazarin harshe da adabi, har ya kai ga kundin keɓaɓɓun kalmomin da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, wanda da shi ake koyarwa a jami'o'i. Ilimin sararin samaniya yana buƙatar irinsa. Matakin da ya kamata ya biyo baya shi ne a gwada waɗannan kalmomi a azuzuwan firamare da ƙaramar sakandare a Nijeriya da Nijar, a ga waɗanda bakin yara ya karɓa, a sauya waɗanda ya ƙi.