Tashin Babbar Manhajar Kwamfuta Daga Filash ko Faifai: Hanya da Haɗari

1.0 Gabatarwa

A lokacin da aka kunna kwamfuta, ma'adanarta ta wucin-gadi fayau take, babu Windows babu Linux. Abin da ke fara aiki shi ne ƙaramar manhajar da aka dasa a jikin na'urar tun daga masana'anta, wato BIOS ko magajiyarta UEFI. Ita ce ke duba lafiyar sassa, sannan ta bi jerin ma'adanai tana neman wadda za ta miƙa wa ragama. Idan filash ya riga faifan ciki a jerin, daga gare shi za a tashi.

2.0 Hanyar BIOS

Wannan hanya ta samo asali ne daga kwamfutar IBM PC ta 1981. BIOS kan karanta sashen farko na ma'adana, mai bayit 512. A filash mai tsarin MBR, bayit 446 na farko umarni ne, 64 jadawalin rabe-raben ma'adanar, biyun ƙarshe kuma hatimi ne, wato 55AA. Da zarar hatimin ya bayyana, sai a kwafe sashen zuwa ma'adanar wucin-gadi a zartar da shi. Da yake wurin ya yi kaɗan, aikinsa kawai shi ne ya kira babbar maloda irin su GRUB, ita kuma ta ɗauko ƙwayar babbar manhajar. Ƙa'idar El Torito ta 1995 ce ta bai wa faifan CD irin wannan dama.

3.0 Hanyar UEFI

UEFI ba ta dogara da sashen farko ba, domin tana iya karanta fayiloli. Takan nemi rabo mai tsarin FAT, ta buɗe jakar EFI, sannan BOOT, ta zartar da fayil mai suna BOOTX64.EFI a galibin kwamfutocin yau.

4.0 Haɗari da Kariya

Raunin BIOS shi ne ba ta tantance wanda ya rubuta umarnin. Ta wannan kafa ce ƙwayar cutar Brain, wadda ta fito daga Lahore ta Pakistan a 1986, ta yaɗu ta faifan fulofi. Haka nan, mai riƙe da filash na iya tayar da kwamfutar wani, ya kwashe fayilolinsa ba tare da sanin kalmar sirrinsa ba. Tsarin Secure Boot, wanda ya bazu da fitowar Windows 8 a 2012, yana hana zartar da malodar da ba ta da amintaccen sa-hannu.

5.0 Kammalawa

Filash ɗin da ke ceto kwamfutar da ta ƙi tashi, shi ne kuma ke iya buɗe ta ga ɓarawo. Saboda haka ya kamata a kulle jerin tashi da kalmar sirri, a kuma ɓadda bayanan faifan ciki da manhaja irin su BitLocker.