Me Ya Hana a Gina Gada a Likoni?

Tambaya: Na ga hoton tashar jirgin fito ta Likoni a Mombasa, jama'a sun cika ta maƙil, ga kuma ɗaya gaɓar ana hango ta kusa. Me ya sa ba za a gina gada kowa ya huta ba? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Malam, idonka bai ruɗe ka ba, faɗin ruwan bai wuce kimanin mita 500 ba. Matsalar ita ce abin da ke bi ta cikinsa.

Tsakiyar birnin Mombasa tsibiri ne, Likoni kuma tana gaɓar kudu. Ruwan da ya raba su shi ne ƙofar tashar Kilindini, babbar tashar jiragen ruwa ta Kenya, wadda kayan Yuganda da Ruwanda da Sudan ta Kudu ke sauka a cikinta. Duk katafaren jirgin da zai shiga, ta nan zai bi. Gajeriyar gada za ta toshe masa hanya. Doguwa kuwa sai an ɗaga ta sama sosai, kuma mota ba ta hawa tsayi irin wannan farat ɗaya: dole a faro hawan daga nesa, a rushe gidaje da kasuwanni a ɓangarorin biyu, a biya diyya. Nan kuɗin yake.

Shi ya sa tun 1937 fito ake yi. Mai tafiya a ƙasa ba ya biyan ko sisi, motoci ne ke biya, kuma idan babban jirgi ya tunkaro, jirgin fito kan dakata har ya wuce, ko da kuwa layi ya kai ina.

Ba na ganin fiton ya wadatar. A 1994 jirgin Mtongwe, can kusa, ya kife da mutane, sama da 270 suka rasu. A 2019 wata mota ta zame daga jirgi ta nutse da uwa da 'yarta.

Hukuma dai ta gwada dabaru. A ƙarshen 2020 an buɗe gadar ƙafa mai shawagi a Liwatoni, wadda aka tsara a riƙa buɗe tsakiyarta jirgi ya wuce. Sai hanyar Dongo Kundu da aka buɗe a 2024, mai zagaye tsibirin gaba ɗaya, don masu zuwa garin Diyani ko iyakar Tanzaniya. Amma ma'aikacin da ke kwana Likoni yana aiki cikin gari, wannan zagayen ya yi masa nisa.