Farfela: Abin da Ke Tura Jirgin Ruwa, daga Jamestown zuwa Yeji



Darasin da ajinmu ya kawo a littafin bana, gardama ce ta haife shi. Bayan hutun Babbar Sallah ɗaya daga cikinmu ya dawo daga Salaga, ya ba mu labarin ƙetare ruwa daga Makango zuwa Yeji. Ya ce jiragen katako biyu sun tashi tare, kowanne da inji mai ƙarfin doki 40, amma ɗaya ya tsere wa ɗaya nesa. Wasunmu suka ce lodi ne, wasu suka ce inji ne ya tsufa. Malaminmu na hisabi ya saurare mu, sai ya ce, "To, farfela fa, kun tambaye ta?" Gaskiya yawancinmu ba mu taɓa ganinta ba koraa. Shi ya sa wata Talata, ranar da masuntan Ankara ba sa shiga teku, muka hau trotro daga Nima zuwa bakin ruwa a Jamestown. Abin da muka gani da abin da muka karanta, ga shi cikin mas'ala huɗu.

Mas'ala ta farko: yaya farfela take tura jirgi?

Ku dubi fankar da ke ajinmu. Fukafukanta a karkace suke, in ta juya sai ta jefo iska gaba. Farfela ƙanwar fanka ce, sai dai ita ruwa take jefawa baya, ruwan kuma ya ture ta gaba tare da jirgin. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, don haka 'yar farfela mai kunne uku, wadda ba ta kai faifai ba, take iya tafiyar da jirgi cike da mutane da buhunan doya.

Kowace farfela tana da abin da za mu kira takunta, wato nisan da za ta ci a juyi ɗaya da a ce cikin katako take shiga kamar sukuru. Ga misali. Taku santimita 30 ne, tana juyi 2,500 a minti ɗaya: mita 750 ke nan a minti, wato kilomita 45 a awa. Amma ruwa ba katako ba ne, yana zamewa. In kashi 20 cikin ɗari ya zame, saura kilomita 36. In takun ya yi wa lodi tsawo, inji zai riƙa nishi kamar mota mai hawan tudu da giya ta huɗu. In ya yi gajarta, sai ƙara da shan mai, tafiya kaɗan.

Mas'ala ta biyu: su wa suka auna wannan?

A shekarar 1836 mutum biyu a Ingila, Francis Pettit Smith da John Ericsson, kowa ya yi rajistar irin tasa farfela. Ta Smith doguwa ce ta katako, mai murɗi biyu. A 1837 yana gwaji a mashigin ruwa na Paddington sai rabinta ya karye, kuma abin mamaki jirgin ya ƙara gudu. Tsawon da ya zaci ƙarfi ne, ashe ja da baya yake yi masa.

A 1845 sojojin ruwan Ingila suka ɗaure jirage biyu baya da baya, masu kusan girma ɗaya da ƙarfi ɗaya: Rattler mai farfela, da Alecto mai manyan ƙafafun dukan ruwa a gefe. Rattler ya ja ɗan'uwansa da baya. Daga nan William Froude ya gina dogon kwarmin gwaji a Torquay, ya fara aiki da shi a 1872. Yana sassaƙa ƙananan jirage da kakin zuma na farafin, ya ja su cikin ruwa, ya rubuta ƙarfin da kowanne ya ci. Har yau haka ake yi kafin a ƙera babban jirgi, sai dai yanzu kwamfuta tana taya lissafi.

Mas'ala ta uku: ruwan da ke tafasa ba wuta

Wannan ita ta fi ba mu mamaki. Mun san ruwa yana tafasa a ma'aunin zafi 100. Amma in matsin da ke kansa ya ragu sosai, yana iya tafasa yana sanyi. Kunnen farfela in ya juya, fuskarsa ta baya tana danna ruwa, ta gaba kuma tana tsotso. In juyin ya yi yawa, tsotson ya kan kai inda ruwa zai zama kumfar tururi. Farfela ba ta iya dafa kumfa, saboda haka turi ya ragu. Sannan kumfar tana fashewa a jikin ƙarfe da ƙarfi, tana cinsa kaɗan-kaɗan.

Injiniya Charles Parsons ya gamu da wannan a 1894. Ya sa wa jirginsa Turbinia inji mai tsananin ƙarfi, amma gudun bai wuce wajen kilomita 37 a awa ba.  A 1895 ya ƙera ɗan akwatin ruwa mai tagar gilashi don ya ga kumfar da idonsa. Da ya gane ciwon, sai ya raba aikin ga farfela 9 a kan sanduna 3. A 1897 Turbinia ya kai kusan kilomita 64 a awa.

A Jamestown wani fita ya miƙo mana tsohuwar farfela, bakinta ya yi ramuka kamar gara ta ci. Muka ce, "Masta, gishirin teku ne?" Ya yi dariya ya ce, "Yarana, gishiri yana nasa, amma wannan kunne ne ya lanƙwashe aka ƙi gyarawa." Kunne in ya lanƙwashe, kumfa tana samun wurin farawa, inji yana rawa, mai yana tafiya a banza.

Mas'ala ta huɗu: Tafkin Volta

Yanzu mu koma inda gardamar ta fara. An gama madatsar Akosombo a 1965, ruwa ya rufe fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 8,500, aka tashi mutane wajen 80,000. Tsohon garin Kete Krachi, inda Alhaji Umaru ya karantar har rasuwarsa a 1934, yana cikin wuraren da ruwa ya ci. Ba a sare dajin ba kafin ruwa ya zo. Itatuwan suna nan tsaye, wasu kai a waje, wasu a ɓoye. Farfela in ta daki kututture sai kunne ya lanƙwashe ko ya karye, wani lokaci jirgin ma ya huje. An yi asarar rayuka a tafkin nan ba sau ɗaya ba, kuma yawan lodi yana ƙara haɗarin. Mutanenmu na Nima da Maamobi suna bin hanyar nan, masu sayen kifi da doya da shanu, da masu zuwa biki da ta'aziyya. Hanyar kakanninmu fatake ce tun zamanin cinikin goro na Salaga.

Ga kuma batun mai. A manyan jirage irin waɗanda ke tsayawa a Tema, ƙarfin da ake buƙata yana tafiya da gudu sau gudu sau gudu. In an rage gudu da kashi 10, lissafin shi ne 0.9 sau 0.9 sau 0.9, wato 0.729. Ƙarfin ya ragu da kusan kashi 27. Kuɗin mai kuwa, ko na babban jirgi ko na masunci, a ƙarshe kan mai saye yake sauka, har kifin da ke kan waakye ɗinmu.

Fa'ida

Mun koma wa malam da amsa: lodi yana da hannu, tsufan inji ma haka, amma ƙarfin doki 40 ba ya isa ga ruwa sai ta hannun farfela. In ta yi daidai da jirgi da lodinsa, ƙarfin ya zama tafiya. In ba ta yi ba, ya zama kumfa.

Nasiharmu ga iyaye masu bin tafki: ku dubi lodi kafin ku shiga, ku nemi rigar ceto, kada ku matsa wa direba ya yi gudu a wurin kututture ko bayan magariba. Ga ƙannenmu kuma, a nan Nungua akwai jami'ar koyon aikin teku, wadda ta fara a matsayin kwaleji a 1958, ana karanta injiniyancin jirage a cikinta. Daga Nima ba nisa. Wanda ya iya hisabin rabon gado, wannan lissafin ba zai gagare shi ba, in ya haɗa da kimiyya.

Tambayar bita: farfela mai taku santimita 25, juyi 2,400 a minti, zamewa kashi 25 cikin ɗari. Kilomita nawa a awa? A kawo amsa ajinmu.

Inda muka yi kuskure malamai su gyara mana. Allah ya kai matafiya lafiya. Wassalam.