Nazari: Sabon Direba Da Neman Babbar Mota Ta Farko A Gombe

GOMBE – A unguwar Federal Low-Cost, kamar sauran unguwannin garin Gombe, ba a rasa saurayin da ya iya tuƙi, ya mallaki lasisi, amma ya shekara yana zagayen gareji ba wanda ya miƙa masa makullin babbar mota. Amsar da yake samu ɗaya ce: a kawo shaidar inda aka taɓa aiki. Shi kuwa ba zai sami shaidar ba sai an ba shi motar.

Ba ƙarancin lodi ne ya jawo haka ba. Tun da sufurin jirgin ƙasa ya ja baya a layin da ya ratsa Gombe ya isa Maiduguri a 1964, kayan wannan yanki suka koma kan titi. Masana'antar siminti ta Ashaka da ke ƙaramar hukumar Funakaye, wadda ta fara aiki a 1979, da kasuwar hatsi ta Tudun Hatsi, da gine-ginen da suka yawaita bayan Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996, duk motoci suke nema zuwa Bauchi da Yola da Biu da Fataskum, har zuwa Legas.

Asalin matsalar lissafi ne na mai mota. Tirela guda da kayan da ke kanta sun fi albashin direba na shekaru masu yawa, kuma da zarar ta bar gari mai ita ba ya ganin abin da ake yi da ita. Bai san ko an sayar da wani kaso na man gas a hanya ba, ko an ɗora fasinjoji a kan buhuna, ko an kwana ana tuƙi cikin gyangyaɗi. Masana tattalin arziki na kiran wannan rashin daidaiton sani tsakanin mai dukiya da wakilinsa. Lasisi yana nuna hukuma ta yarda mutum ya hau titi, amma ba ya gaya wa mai mota ko mutumin zai riƙe amana a nisan kilomita 1,000.

Duk da haka, daga takarda ake farawa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta kasa lasisi aji-aji, kuma aji G ne na tirela da tanka. Ƙa'idojin hanya na 2012 sun sa shekara 26 a matsayin mafi ƙarancin shekarun mai neman lasisin haya, alhali na motar gida daga 18 ne. Lasisin bayan fage kuwa asarar kuɗi ce, domin manyan kamfanoni suna tantancewa, kamfanin inshora ma na iya ƙin biyan diyya idan haɗari ya auku a hannun mai jabu.

Shekarun nan da ke tsakanin 18 da 26 su ne sana'ar ta daɗe da cike su da zaman karen mota, wanda wasu ke sakayawa da yaron mota. Ana yawan raina wannan matsayi, alhali shi ne makarantar da masu motoci suka fi yarda da ita. Yaron mota yana ɗaure tamfol, ya duba taya da ruwa da baƙin mai, ya sa waigi idan an tsaya a gangara, ya kwana gadin kaya. A hankali ubangidansa yakan bar masa sitiyari a fili, sannan a hanya idan motar ba lodi, kafin ranar da zai ja ta da kaya. A nan ne yake koyon cewa da giya ake saukowa gangara ba da birki kaɗai ba, ya kuma san halin hanyar Billiri da Kaltungo da damina. Abin da ya fi wannan duka daraja shi ne, a ƙarshe akwai tsohon direban da zai tsaya gaban mai mota ya ce, "Alhaji, yarona ne, na tsaya masa." Wannan magana ita ce jinginar da saurayin ba shi da ita a aljihu.

Sai dai zaɓen ubangida na bukatar lura. Akwai direbobin da ke riƙe yaro shekara da shekaru yana wanke mota ba su taɓa ba shi sitiyari ba, don gudun ya zama abokin gasa. Ya kamata iyaye su yi magana a fili tun farko a kan lokacin da za a fara koya masa tuƙi.

Wanda bai bi wannan hanya ba, ƙofar da ta fi sauƙi ita ce ƙaramar mota da gajeriyar tafiya: tifar yashi da dutse a cikin gari, ko motar raba kayan shago. Kuɗin ba yawa, amma mai mota na ganin direbansa kullum da yamma, saboda haka kasadar ɗaukar baƙo ta ragu. Shekara guda ba haɗari ba ƙorafi a kan tifa ta fi kowace takardar neman aiki. Shiga ƙungiya ma yana da amfani, ko NURTW ta direbobi ko reshen direbobin tanka na NUPENG, domin a tasha ake fara jin labarin motar da ta rasa direba. Masu motocin kuma suna da tasu ƙungiyar, NARTO.

Manyan kamfanoni sun fara sauya wannan tsari. Kamfanin Dangote ya buɗe makarantar koyon tuƙin tirela a Obajana ta jihar Kogi, a 2025 kuma matatar mansa ta sanar da shirin sa motoci 4,000 masu aiki da iskar gas a hanya. Irin waɗannan kamfanoni suna maye gurbin shaidar ubangida da gwajin ido da na ƙwaya, da na'urar bin sawun mota, da na'urar taƙaita gudu wadda aka fara tilasta wa motocin haya a 2017. Amma har su ma sukan nemi masu tsaya wa mutum a rubuce.

Ranar da aka dace, kafin sabon direba ya karɓi makulli ya dace a zauna a rubuta albashi, da kuɗin guzurin kowace tafiya, da litar man da aka ware wa kowace hanya, da wanda zai biya idan taya ta fashe ko kaya suka yi giɓi. Ya kuma zagaya motar da bakanike a gaban mai ita, a rubuta duk lahanin da aka tarar, domin galibi tsohuwar motar da manyan direbobi suka ƙi ce ake fara ba sabon hannu.