TAFARNUWA, DAMUWA DA GARKUWAR JIKI



Da sanyi ya shigo, za ka ga jama'a suna ta sayen ƙwayar tafarnuwa a kemis don guje wa mura. Kafin ka kashe kuɗinka, ka san waɗannan.

*1. Tafarnuwa*
Ƙarfinta yana cikin wani sinadari mai suna alisin, wanda ba ya fitowa sai an daka ta ko an yanka. Uwargida, in kin daka, ki bar ta minti 10 kafin ki zuba a miya.

A 2001 an gwada ƙwayarta a Ingila kan mutum 146 na tsawon mako 12. Masu shan ta sun yi mura sau 24, waɗanda aka ba ƙwayar da ba komai a cikinta kuma sau 65. Sakamako ne mai kyau, amma gwaji ɗaya bai isa hujja ba.

*2. Damuwa*
Tunanin bashi, kuɗin haya ko rikicin gida, in ya daɗe, jiki yana ta fitar da sinadarin kotisol, shi kuma ya rage wa garkuwar jiki kuzari. A 1991 Sheldon Cohen ya ɗiga wa mutum 394 ƙwayar cutar mura a hanci. Waɗanda damuwarsu ta fi yawa su ne suka fi kamuwa. Daga baya ya gano cewa mai barcin ƙasa da awa 7 ya ninka mai awa 8 kusan sau 3 wajen kamuwa.

Ke nan in kana shan tafarnuwa alhali damuwa ta hana ka barci, ka bar jaki ne kana dukan taiki.

*3. Abin yi*
• Kwanta da wuri, ka ajiye waya.
• Riƙa tattaki kullum, ko na minti 30.
• Faɗa wa wanda ka amince da shi abin da ke damunka. In ya yi tsanani, ga likita.

*Gargaɗi*
Tafarnuwa tana tsinka jini. Mai shan warfarin ko asfirin, mai shan maganin ƙanjamau, da wanda za a yi wa tiyata, su tambayi likita tukuna. Ɗanyarta kuma tana tayar da ƙwannafi.

Kada mu manta, Annabi (SAW) ya hana wanda ya ci ta zuwa masallaci da warinta. A dafa ta, warin zai mutu.

Allah Ya ƙara mana lafiya da kwanciyar hankali.