Ɗiyar Wana Ta Ƙi Likitanci, Ta Ce Sai Lauya

Malam, na rubuto ne game da wani al'amari da ya hana ni sukuni. Ni ɗan kasuwa ne, karatuna bai wuce firamare ba, kuma a hannuna akwai marainiya, ɗiyar wana, wadda nake riƙe da ita tun rasuwarsa, Allah Ya jiƙansa. Tun tana ƙarama yake kiranta likita, kuma ko a jinyarsa ta ajali sai da ya riƙe hannuna ya ce in taimaka mata ta zama likita.

Da ta gama aji uku na ƙaramar sakandare sakamakonta ya yi kyau, sai makaranta ta sa ta ajin kimiyya ba tare da an tambaye ta ko an tambaye ni ba, ni kuwa na yi murna domin abin da nake so ke nan. To ga shi ta shiga SS2, Fiziks da Kemistiri sun gagare ta duk da na ɗauki malamin da ke koya mata a gida, amma a Turanci da Ilmin Addini ita ce kan gaba, kuma ita ke wakiltar makaranta a muhawara. Kwanan nan ta same ni tana kuka, ta ce, "Baffa, ni lauya nake so in zama." Na je makarantar, na ga ƙofa da aka rubuta ofishin shawarwari a kanta, amma a kulle, aka ce malamin wurin shi ke koyar da lissafi, ba ya samun zama. Wani malami kuma ya ce kada in kuskura in mayar da ita ajin at, wato ajin adabi, domin na marasa ƙoƙari ne. Malam, in na bar ta ta sauya, na ci amanar mamaci? In kuma na tilasta mata ta faɗi, me zan gaya wa Allah?

Naka, Baffan marainiya, Gusau.

Ya ɗan'uwana, Allah Ya gafarta wa wanka, Ya saka maka da alheri bisa riƙon marainiya, wanda yake ɗaya daga cikin ayyukan da shari'a ta fi girmamawa.

Bari mu fara da abin da ya fi yi maka nauyi a zuci. Wasiyyar da malaman fiƙihu suka ce wajibi ne a zartar, ita ce wadda ta shafi dukiyar mamaci gwargwadon sulusi, da abin da ya bari na hakkoki da waliccin 'ya'yansa. Amma maganar da uba ya faɗa cikin ƙauna game da sana'ar da yake fatan ɗiyarsa ta yi, alhali tana ƙarama, basirarta ba ta bayyana ba, wannan buri ne da addu'a, kuma wanda aka ɗora wa kula da maraya an ɗora masa ne bisa sharaɗin ya bi maslahar marayan. Da wanka ya rayu ya ga takardun sakamakon nan da idonsa, ya ji ta tana muhawara, ina kyautata zaton shi ma da ya sake tunani. Amanar da ya ba ka ita ce yarinyar ta yi ilmi ta amfani kanta da jama'a. Don zuciyarka ta natsu, ka kai wa malamin da ka amince da shi wannan mas'ala baki da baki.

Maganar malamin da ya ce ajin at na marasa ƙoƙari ne ta ɓata mini rai ƙwarai, domin ita ce cutar da ta daɗe tana cin makarantunmu. An ɗauki rabon yara zuwa kimiyya da adabi da kasuwanci tamkar rabon daraja, sai a kwashe masu maki mai yawa a zuba a kimiyya, sauran a watsa su inda aka ga dama, ba a tambayi yaro abin da ransa ke so ba, ba a kuma gaya wa iyaye cewa wannan rabo na farkon SS1 shi ne zai buɗe wa yaro wasu ƙofofin jami'a ya rufe wasu bayan shekara uku. Dalilin son kimiyya a Arewa ba ɓoyayye ba ne, kuma dalili ne mai kyau: ƙarancin likitoci da injiniyoyi ne ya sa Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, kuma sun fitar da mutanen da ake alfahari da su. Sai dai bukatar al'umma ga likita ba ta soke bukatarta ga alƙali da lauya da malami ba. Imamu Gazali, a cikin Ihya'u, ya lissafa likitanci da lissafi cikin farali kifaya, sa'an nan ya haɗa da noma da saƙa da sauran sana'o'in da zaman jama'a ba ya daidaita sai da su. Kuma wanda ya taɓa raka mace kotu a kan gado ko saki ko riƙon 'ya'ya ya san irin sauƙin da take samu in ta tarar da 'yar'uwarta mace da ta san shari'a da doka, wadda za ta iya gaya wa abin da kunya ke hana ta gaya wa namiji.

Ita kuwa ƙofar da ka tarar a kulle, ba a makarantarku kaɗai take ba. Aikin shiryar da ɗalibai kan sana'a ya faro a Nijeriya tun 1959, lokacin da malaman wata makarantar 'yan mata ta mishan a Ibadan suka gayyato ma'aikata daga fannoni daban-daban don su yi wa ɗalibai masu fita bayanin ayyukansu, kuma Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta yi tanadin a horar da masu wannan aiki a sakandare. Amma a makarantu da yawa an mai da shi ƙarin kaya a kan malamin da jadawalinsa ya riga ya cika. Saboda haka, aikin da ya kamata a yi mata tun aji uku, kai ne za ka tsaya a yi shi yanzu, kuma jinkiri na da haɗari.

Kafin ka yanke hukunci ka tabbatar da abu guda, wato ko rauninta a Fiziks da Kemistiri daga gare ta ne, ko daga makarantar. Ka karɓi takardun sakamakonta na dukan zangunan SS1, ka tambayi yadda sauran 'yan ajin suka yi, ka ji ko akwai tsayayyen malamin darasin da ɗakin gwaji mai kayan aiki. Domin in rabin aji ne suka faɗi, laifin ba na basirarta ba ne, kuma fannin lafiya na da faɗi, akwai haɗa magunguna da aikin jinya da ungozoma da gwajin jini. Sai dai ka sani dukansu a jami'a suna neman Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, shi kuwa likitanci gurbinsa ƙayyadadde ne, domin hukumar likitoci ta ƙasa ke yanka wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka, har masu maki mai yawa kan rasa. In ko ka ga 'yan ajin suna ci ita ce ke baya, duk da malamin gida, alhali tana fice a inda ake karatu da rubutu da hujja, to alama ta bayyana.

Abin da ya sa nake gaggauta maka shi ne Adabin Turanci. Galibin jami'o'i ba sa ɗaukar ɗalibin lauya sai yana da kiredit a wannan darasi a WAEC ko NECO, kuma ya rubuta shi a jarrabawar JAMB. Ajin kimiyya kuwa ba a cika koyar da shi ba. Darasi ne mai littattafai ƙayyadaddu da sai an zauna an karanta su, ita kuma ta riga ta rasa shekara guda. In ta sauya a wannan zango na farko na SS2, yarinya mai irin ƙoƙarinta za ta iya cim ma 'yan ajin. In aka bari sai an zo rajistar jarrabawa a SS3, abin zai yi wuya matuƙa. Ka sa a buɗe maka kundin JAMB a intanet a karanta maka sharuɗɗan Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ta Bayero da ta Ahmadu Bello, domin dukansu suna koyar da Shari'ar Musulunci tare da dokar ƙasa, kuma ƙarfinta a Ilmin Addini zai yi mata amfani a nan.

Kada kuma ka ɓoye mata nauyin abin da ta zaɓa. Karatun lauya shekara biyar ne a jami'a, sa'an nan shekara guda a Makarantar Lauyoyi, wadda ke da reshe a Bagauda, kuɗinta kuma ba kaɗan ba ne, kuma shi ma gurbinsa ana tsere a kai. Ka nemi wata lauya ko ma'aikaciyar kotu a garinku, ka roƙe ta ta zauna da ita ta gaya mata yadda aikin yake a zahiri, domin sha'awar muhawara daban, haƙurin karanta manyan kundaye daban. Ka shawarci mahaifiyarta, in tana raye, domin tana da hakki a wannan magana. Ku yi istihara kai da yarinyar. Sa'an nan ka je wurin shugaban makarantar da kansa, da takardun sakamako a hannunka, ka nemi a mayar da ita ajin adabi kafin wannan zango ya ƙare. In ka yi, ka rubuto mini yadda kuka ƙare da shi. Wassalam.